Cigiyar Mai Rigar Fata

A ƙarƙashin matakalar wani benen 'yan tufafi da ke titin Guangyuan, a birnin Guangzhou, akwai wani lungu da bai fi faɗin tabarma ba. Nan Mak Sau-lan ta kafa keken ɗinkinta tun kafin baƙar fata su san hanyar garin. Aikinta rage tsawon wando, sauya zif, da ɗinka tambarin kamfani a wuyan riga. Kowa Apo yake ce mata, wato kaka, har 'yan kasuwar Kano da na Maraɗi masu kai mata aiki. A shekarar da China ta karɓi wasannin Olamfik ta ba saba'in baya da daɗewa. 'Yar firit ce, amma bakinta ba firit ba ne. Hausarta kalma uku ce: sannu, gobe, da ƙarya. Ta ukun ta fi amfani da ita.

An haife ta a wani ƙauyen manoman shinkafa da ke gindin tsaunuka, arewa da birnin. Tana yarinya sojojin Japan suka mamaye Guangzhou, jiragensu na tashi daga filayen birnin su je su yi ruwan bama-bamai a garuruwan da suka ƙi miƙa wuya. A wannan zamanin ne wasu samarin Amurka suka ajiye kakin ƙasarsu, suka shiga rundunar saman China a matsayin 'yan sa-kai. Sukan zana wa hancin jiragensu buɗaɗɗen baki mai haƙora zaƙo-zaƙo, mutanen ƙasar kuma suka sa musu suna damisa masu tashi. 'Yan ƙauyen su Sau-lan jin labarinsu kawai suke yi, sai wata safiya ta damina da ɗaya ya faɗo musu.

Jirgin ya wuce bayan tsauni yana tuƙuƙin hayaƙi. Matuƙin ya sauko da lema a tsakiyar gonar baban Sau-lan, ya nutse a caɓi har gwiwa, jini na bin kafaɗarsa ta hagu. Da manoma suka kewaye shi da lauje a hannu, sai ya juya musu baya. Wasu suka ɗauka raini ne. Ashe ƙyalle yake nuna musu, wanda aka ɗinka a bayan rigar fatar da ke jikinsa, mai tutar China ta wancan zamani, da rubutun ƙasar. Mutum ɗaya da ya iya karatu ya karanta musu: wannan baƙo taimakon yaƙi ya zo, duk wanda ya tsince shi ya kare shi.

Kowa ya koma kallon ƙasa, domin kowa ya san abin da sojojin mamaya ke yi wa garin da ya ɓoye irin wannan baƙo. Baban Sau-lan ba jarumi ba ne. Mutum ne mai tsoron matarsa da tsoron tsawa. Amma a gonarsa abin ya faɗo, kuma a ganinsa abin da ya faɗo gonarka naka ne, alheri ko tsiya. Ya sa kafaɗa ya tallafe shi zuwa gida.

A rumbun shinkafa aka ɓoye baƙon. Sau-lan ce mai kai masa abinci, tunda ba mai zargin yarinya da kwanon tsakin kaji. Ba ya jin harshenta, ba ta jin nasa. Abin da ya koya mata shi ne yadda ake yin fito, yatsu biyu a baki, yana nuna mata a hankali, tana hurawa iska kawai ke fita, suna toshe baki suna dariya.

Da raunin ya yi sauƙi aka shirya tsallake da shi tsaunuka zuwa inda sojojin China suke. Dole ya yi shigar manomi. A duk gidan riga ɗaya ce ta shige shi, baƙar rigar da uwar Sau-lan ta ɗinka wa mijinta lokacin aurensu, mai maɓallan ƙullin zare. Hannun rigar ko gwiwar hannunsa bai gama rufewa ba. Aka shafa masa baƙin tukunya a fuska, aka kifa masa malafa. Ya miƙa wa maigidan rigar fatarsa, ya nuna ta, ya nuna baƙar da ke jikinsa, ya juya hannuwansa biyu. Ko yarinya ta gane: zan dawo, mu yi musaya.

Maigidan ya raka shi ya dawo lafiya. Bai daɗe da dawowa ba sojoji suka iso. Ranar Sau-lan da uwarta suna kan tsauni suna yankan ciyawa, rigar fatar na ƙasan kwando, za su kai ta wani kogo. Daga can suka hango hayaƙi. An ƙone gidan ƙurmus, an tafi da maigidan da wasu maza, ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba.

A al'adarsu, idan ba a sami gawar mutum ba akan binne tufarsa a madadinsa, don iyalinsa su sami inda za su riƙa zuwa gaishe shi. Su Sau-lan ko tsumma ba su tsira da shi ba. Suka kafa dutse da sunansa a kan ƙasar da ba kowa a ciki. Duk shekara, idan lokacin sharar kaburbura ya zo, maƙwabta na hira da iyayensu, su kuwa suna share fili.

Masu ba da labarin Apo a yau sukan ce amana ta riƙe. Ba su yi ƙarya ba, sai dai sun tsaya a bakin ƙofa. Apo ba ta ɗauki rigar fatar nan ajiya ba, jingina ta ɗauke ta. A duk duniya abu ɗaya ne ya rage wanda ya taɓa jikin ubanta, kuma wani Bature ya tafi da shi. Ta yi shekaru tana jin haushinsa fiye da yadda take jin haushin waɗanda suka sa wutar, domin su ba su yi mata alkawarin komai ba. Abin da take so kafin ta mutu shi ne baƙar rigar nan, ta binne ta a gaban dutsen.

Tun a wancan lokacin uwarta ta toshe hujin harsashin da ke kafaɗar hagun rigar fatar da baƙin zare. Da mulki ya sauya, tsohuwar tuta ta zama abin da kan ja wa gida bala'i, sai ta rufe ƙyallen bayan da baƙin faci mai kusurwa huɗu, ta ɗinke rigar a cikin bargo. A bargon nan Sau-lan ta yi aure a Panyu da ke gefen Guangzhou, ta yi aikin masaƙa, ta haihu, ta binne uwa, ta binne miji. Da zamani ya sassauta ta fito da rigar ta tambaya nan da can. A ƙirjinta akwai 'yar fata mai rubutun boko, W. TOLLIVER. Duk wanda ta nuna wa sai ya ce Amurka faɗi gare ta.

Sai ga Barmo. Mutumin Maraɗi ne, dogo, ya daɗe a Guangzhou yana saya wa 'yan kasuwar gida kaya, har ya iya Sinancin kasuwa mai kaushi irin nata. An san shi da abu guda: idan ya kai samfur masana'anta aka sauya masa ko maɓalli ɗaya, sai ya mayar da kayan gaba ɗaya, ya tsaya a ƙofa yana masifa da harsuna uku. Apo ta daɗe tana lura da shi. Wata rana da sanyi ya fara shigowa, ta zo da rigar fatar ta rataye a bayan kujerarta kamar wadda ta manta.

Barmo ya kawo wanduna a rage. Idonsa ya sauka a kan rigar ya ƙi tashi. Yankan kafaɗar da faɗin wuyan ba irin na kasuwa ba ne, ya riga ya hango ta a jikin samarin Maraɗi da Kano.

"Apo, wannan ta sayarwa ce?"

"Meyo," in ji ta, wato babu.

"Ta wa ce?"

"Ta wani ce da ya fi ka tsawo, ya fi ka ƙarya."

Daga ranar Barmo ya zama jika. Yau lemo, gobe man zafi na ciwon gwiwa, jibi ya ɗaukar mata jaka har bakin tashar metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Tana karɓa tana cewa sannu. Da ya ga ƙasa ta jiƙa ya fito da bukatarsa: aron rigar yake so, a ɗauki fasalinta a masana'anta. Ta yi jim kamar mai jin nauyi, sannan ta ce ta yarda, amma ƙafarta ƙafar rigar.

Suka tafi wata ƙaramar masana'anta a Panyu, rigar na kan cinyarta. Barmo ya shimfiɗa ta a teburin yanka, ya ɗaga wa mai masana'antar yatsa.

"Lawban, maigida, ka san ni. Sem-sem nake so, iri ɗaya sak. Zare ɗaya ya bambanta, kayanka ne."

Mai yankan ya juya rigar, ya shafa ɗinkin kafaɗa, ya shafa baƙin facin, ya shafa sunan. Ya dubi Apo ya tambaye ta da harshen Kanton na 'yan yankin, wanda Barmo ba ya ji: "Har da waɗannan?"

"Ka ji abin da baƙo ya ce," in ji ta. "Ko so kake ya zo ya kwana a ƙofarku?"

Kayan sun fito gab da sabuwar shekarar Sinawa, a cikin wani sanyi da tsofaffin garin suka ce sun manta rabon da su ga irinsa. Jiragen ƙasa sun tsaya, jama'a sun yi dafifi a tasha. Barmo ya farke kwalin farko a gaban Alhaji Dogara, wani ɗan Kantin Kwari mai tumbi da barkwanci, wanda ya yi alkawarin ɗaukar rabi. Ya zaro riga ɗaya: ɗinkin baƙin zare a kafaɗar hagu, baƙin faci a baya, sunan Bature a ƙirji. Ya zaro ta biyu, haka. Ya farke wani kwalin, haka.

Alhaji Dogara ya yi dariya har ya zauna a kan kwali.

"Barmo, na ga masu sayar da gwanjo a matsayin sabo. Amma wanda ya sa aka ƙera masa gwanjo fil a leda, kai ne na farko. Wannan fasahar Nijar ce?"

"Alhaji, bari. Ba ranar wasa ba ce."

"Wa zai saya mini riga da faci a Kwari? Sai dai in ce musu ta sha yaƙi."

"Ai ta sha," in ji Barmo, bai san gaskiya ya faɗa ba.

Ba shi da bakin ƙara, tunda abin da ya ce shi aka yi, masana'antar ma ta rufe don biki. Ya nufi ƙarƙashin matakala ya jefa riga ɗaya a kan keken Apo.

"Mai yankan nan ya tambaye ki wani abu. Me kika ce masa?"

Ba ta ɓoye ba. Ta ɗaga ƙafa daga keke ta ba shi labarin tun daga caɓin gona har zuwa dutsen da ba kowa a ƙarƙashinsa.

"Kayanku na zuwa inda ƙafata ba ta zuwa," in ji ta. "Na ce idan sunan ya yawaita a waje, wani zai gani."

"Wato da ni kika yi amfani."

"Lemon da ka yi ta kawo mini fa? Don ina kama da kakarka ne?"

Barmo ya ja kujera ya zauna, ya dafe kai, dariya ta ƙwace masa ba da sonsa ba.

"Apo, kin san inda kayana ke zuwa? Maraɗi. Kano. Tsakaninsu da Amurka akwai teku guda. Kin yi shela a kasuwar da mai kayan ba ya ci."

A karon farko ya ga tsufanta. A wurinta duniya kashi biyu ce, China da waje, kuma ta ɗauka mutanen waje duk sun san juna kamar 'yan ƙauye ɗaya. Ta ɗauki rigar ta ninke a hankali, ta ajiye, ta mayar da ƙafa kan keke ba tare da ta taka ba.

"A garinmu," in ji Barmo, "idan ka tsinci abu ba ka zama da shi shiru. Cigiya ake yi. A faɗa a masallaci, a faɗa a kasuwa, baki ya ba baki, har ta kai kunnen mai shi."

"Ku nawa ne?"

"Ba inda ba mu."

Ta yi masa sharaɗi ɗaya. A nemi mai rigar fata, amma kada a ambaci baƙar riga. "Idan suka san ita nake nema za su sa a ɗinka wata. Na san abin da tela zai iya."

Ranar Juma'a, bayan an sallame a tsohon masallacin da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, inda 'yan Afirka ke tsayawa cin tsire da gaisawa, Barmo ya hau kan dakali sanye da rigar mai faci.

"Jama'a, salamu alaikum. Cigiya ce. Ba kaya suka ɓata ba, mai kaya ne ya ɓata. Bature ne, matuƙin jirgin yaƙi, ga sunanshi a ƙirjina. Ya bar rigarshi hannun tsohuwar nan mai keke ta Guangyuan tun tana yarinya. Duk mai ɗan'uwa a Amurka, don Allah ya tahi mishi da zancen."

"A ce kuma rigar na nan ana sayarwa," in ji Alhaji Dogara daga baya. Aka bushe da dariya.

Aka kuwa saya. Sanyi na cizo, kowa kuma ya san Apo, kowa na son a gan shi cikin labarin. Barmo ya lura duk wanda ya ji labarin ba ya neman ragi, saboda haka ya ƙara wa labarin gishiri, jirgi ɗaya ya zama uku. Ko tausayin tsohuwa ne ya hau da shi dakalin, ko kwalayen da suka cika masa ɗaki, shi kansa bai tsaya rabewa ba. Idan aka matsa masa sai ya ce lada da riba ba su taɓa faɗa ba a gidansu.

Alhaji Dogara, bayan ya gama tsiyarsa, ya ja shi gefe. 'Yar wansa Radiyya tana aikin jinya a wani gidan tsofaffin sojoji a Texas. Ya karɓi riga ɗaya don ya aika mata, ya ƙi biya, ya ce kuɗin dariyar da aka sa shi ne.

Da bazara ta shigo aka tsaurara biza saboda wasannin da ke tafe. 'Yan kasuwa suka riƙa tattara nasu ya nasu, wasu gida, wasu Dubai, wasu Bangkok, rigar mai faci na bin su. Lokacin sharar kaburbura ya zo, Apo ta je ta share filinta ta dawo da tari mai nauyi. Barmo ya daina kawo lemo, ya koma kawo magani, wannan karon kuma ba abin da yake nema a bayan kujerarta. Kullum ta gan shi sai ta ce, "Gobe?" Ya ce gobe. Ta ce, "Ƙarya."

A can Texas Radiyya ta rataya rigar a hannu tana bin tsofaffi ɗaki-ɗaki. Wani da ya yi aikin gyaran jirage a China ya shafa baƙin facin ya ce ya san abin da ke ƙarƙashin irinsa. Waɗanda suka yi yaƙi a China suna da ƙungiya, wannan ya buga wa wancan. Damina ta kankama a Guangzhou lokacin da wayar Alhaji Dogara ta yi ƙara yana tsakiyar ciniki a kasuwar Shisanhang. Ya saurara, ya bar kayan a kan kanta, ya tari tasi, ya ɗauko Barmo, suka nufi wurin Apo.

"Apo, yana da rai," Barmo ya fassara mata. "Wendell Tolliver. Ya tsufa ƙwarai, ba ya iya tafiya. 'Yarsa za ta zo."

Ba ta yi murna ba. Ta tambaya ko an ambaci baƙar riga, aka ce ba a ambata ba. Ta ce to, ta ci gaba da ɗinki, layin ya karkace, ta farke.

Marian Tolliver ta iso ana tsakiyar wasannin, kowane shago da talabijin a kunne. Mace ce mai furfura, doguwa, da jakar goyo. Labari ya riga ya zaga benen, 'yan Kano da 'yan Maraɗi da 'yan Kumasi suka cika matakala, wasu har da rigar mai faci a cikin zafin nan. Marian ta ga sunan ubanta a ƙirji bayan ƙirji, ta tsaya ta dafa bango.

Magana ta bi doguwar hanya. Marian ta faɗa da Turanci, Alhaji Dogara ya juya wa Barmo da Hausa, Barmo ya juya wa Apo da Sinanci. Marian ta yi godiya mai tsawo, da ta isa wurin Apo ta zama jimla ɗaya. Apo ta jawo rigar fatar ta asali daga ƙarƙashin keke, ta ɗora a cinya, ta dafe da hannu biyu.

"Tambaye ta, me ubanta ya ba ta ta kawo?" in ji Apo.

Alhaji Dogara ya dubi Barmo. "Kai, wannan ba kunya? A ce baƙuwa me ta kawo?"

"Alhaji, hwaɗi mata yadda aka ce."

Ya faɗa. Marian ta sauke jakarta, ta fito da wani ƙunshi a farar takarda.

"Ta ce babanta ya ce kada ta kuskura ta zo hannu sake," in ji Alhaji Dogara, muryarsa ta sauya. "Wai ciniki suka yi da maigidan, musaya ce."

Apo ta warware takardar. Baƙar rigar ce, baƙin ya koɗe ya koma ruwan toka. Ba ta kalli gaban rigar ba, ciki ta juya, ta bi ɗinkin hammata da farce, ta kama maɓallin ƙullin zare na sama ta murza. Uwarta bahaguwa ce, ƙullinta hagu yake juyawa, ba telan da zai san ya kwaikwayi wannan. Ta ɗaga rigar ta kifa fuskarta a ciki. Ana jiyo sowar 'yan kallo daga talabijin ɗin wani shago. Da ta ɗago idonta a bushe yake. Ta tura wa Marian rigar fatar da hannu biyu, kamar yadda ake miƙa abu mai daraja a ƙasar.

Marian ta kira gida ta buɗe sautin wayar yadda kowa zai ji. Muryar ubanta mai rawa ta fito, abin da ta fara tambaya shi ne maigidan, yaushe ya rasu, ya ga jikoki? Bai sani ba. Barmo ya yi jinkirin fassarawa, Apo ta ce ya faɗa, ta ba da amsa ba ragi: sojoji, wuta, dutse. Amsar ta bi ta Hausa ta isa Turanci. Sannan tsohon ya ce bai taɓa sanin sunan ƙauyen ba, bayan yaƙi hanya ta rufe, da ta buɗe kuma ya ji tsoron abin da zai tarar.

"Tambaye shi me ya kawo shi ƙasarmu tun farko," in ji Apo.

Tsohon ya yi tari. Ya ce a wurin taro yakan ce don kare marasa ƙarfi, amma ita ba zai faɗa mata haka ba. Albashi mai tsoka ne ya kawo shi, da gudun noman masarar ubansa.

"Ashe ɗan ci-rani ne," in ji Barmo. "Namu ne, Alhaji."

Duk matakalar ta jira kalmar Apo ta uku. Ba ta faɗe ta ba. Ta gyaɗa kai, kamar wadda aka ba canji daidai.

Sai aka ji wani huci daga wayar, fuu, fuu, iska ba sauti. Marian ta ce ba ta san me yake yi ba. Apo ta sani. Ta ajiye rigar a kafaɗa, ta sa yatsu biyu a bakin da haƙoransa suka ƙare, ta saki fito mai tsini da ya ratsa benen har hawa na sama, masu gadi suka leƙo. Alhaji Dogara ya ce a'uzubillahi, tsohuwa da fito da rana tsaka, yana share ido da hannun riga. A wayar tsohon na dariya yana tari, matakala ta ɗauki tafi.

Ba ta binne rigar nan take ba. Ta gano wani wuri a gefe da matar Tolliver ta taɓa gyarawa da keke, da shuɗin zare. Ta ce ubanta ba zai kwanta da wannan aikin ganganci ba. Ta farke shi tsaf, ta mayar da allura da baƙin zare.

Ranar da aka tafi ƙauyen, Barmo ne ya riƙe shebur. Ya haƙa ramin a gaban dutsen, ya koma gindin wata bishiya ya tsaya daga nesa lokacin da aka kunna turare, shi da Alhaji Dogara da ya biyo su wai don ganin gonar da Bature ya faɗa. Marian na riƙe da lema. Apo ta durƙusa, ta shimfiɗa rigar a akwatin katako, ta ɓalla maɓallan tun daga ƙasa har wuya, ta miƙar da hannuwan.

"Baba, ga rigarka," in ji ta. "An ɗan sa ta."

Ta tura ƙasar farko da tafin hannunta. Da aka gama ta share kabarin, ta zauna a gefensa ta fara ba shi labari tun daga farko, ba ta gaggawa. Barmo ya dubi rana, ya dubi Alhaji Dogara, suka nemi wuri mai tsabta suka shimfiɗa rigunansu masu faci suka ta da sallar la'asar.